Shuɗin Ƙofar Lamba Tara

Coventry, 14 ga Janairu, 1979

Nuala 'yata,

Ga gaisuwa iya wadda takarda za ta ɗauka, ragowar sai kin zo ki karɓa da kanki. Muna lafiya. Gwiwata ta hagu tana gaishe ki, tana nan tana ƙara kamar ƙyauren da bai ga mai ba. Idon Mamanki sai a hankali. Likita ya ce sai kaka za a cire yanar, don haka ni ke karanta mata wasiƙunki da karatuna na ɗan aji huɗu. In na haɗu da doguwar kalma sai in yi tari in tsallake ta.

Kirsimeti ta zo ta wuce, kujerarki ba kowa. Kin ce aiki ne ya riƙe ki a Dublin, aikin kuma wai gida lamba tara na Layin Tyrawley, inda aka haifi uwarki. Na gaya wa abokan aikina masu fenti cewa hukuma ta sa gidan nan cikin waɗanda aka hana rushewa, ko ƙusa ba a bugawa sai da izini. Lokacin da mutum saba'in da uku ke kwana a cikinsa, famfo ɗaya, masai ɗaya a tsakar gida, ba wanda ya zo kare shi. Sandunan matakala ma a murhu suka ƙare. Yanzu da ya rage sai tantabaru, ga shi ya yi gata.

Na ƙirga fa. A wasiƙarki Dokta Ormsby, masanin tsofaffin gine-ginen nan da kike aiki a ƙarƙashinsa, ya fito sau goma sha ɗaya. Baba ya fito sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Dokta ya ce wani attajirin giya ne ya gina gidan a 1792. Dokta ya ce tagogin suna ƙanƙancewa in ana yin sama don ginin ya ƙara tsawo a ido. To madalla. Ni da na shekara uku ina hawa matakalar nan, taki tamanin da huɗu, ina neman auren uwarki a ɗakin ƙuryar sama, na ɗauka an rage su ne don kada talaka ya ga abin da zai yi sha'awa. Amma wa ya tambaye ni? Ba wai ina ƙorafi ba ne. Mai fenti ne ni, buroshi aka ba ni, ba a ba ni tabarau ba.

Ki riƙa cin abinci. Burodi da shayi ba abinci ba ne.

Babanki, in har yanzu ana buƙatar ɗaya,
Malachy

*

Dublin, 26 ga Janairu

Baba,

Ina gaishe ku da kyau, kai da Mama da gwiwar. Ni lafiya lau, ban da ɗan mura. Gidan nan sanyinsa ya fi na waje.

Baba, kai da kishi! Mutumin nan shekararsa sittin da takwas, kuma kullum sai ya manta inda ya ajiye hularsa. Ka bar ƙirga shi, ka ji labari.

Ka san ƙofar waje, babbar nan mai tagar rabin wata a samanta. Ana so a mayar da ita launinta na farko, sai an san launin kuwa. Yadda ake yi, reza ake sawa a kankare ɗan wuri kamar faɗin kwabo, hawa bayan hawa, har a tarar da katako. Ranar Talata aka kankare. Baƙi ne a sama, sai kore, sai wani koren, sai ruwan ƙasa, sai jan da ya ƙone. Na shida, wanda ke manne da katakon kansa, shuɗi ne, Baba! Wani shuɗi mai sanyi, da ɗan toka-toka a cikinsa, kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Duk littattafai cewa suke ƙofofin zamanin nan masu duhu ne. Ba a taɓa samun irin wannan ba a duk Dublin.

Dokta ya fi awa guda a durƙushe da gilashinsa a gaban ƙofar, har sai da na ɗaga shi. Ya ce lallai maganar nan ta je gaban kwamitin da ke kula da tsofaffin gidaje, za su zauna ranar tara ga Maris. In sun yarda, duk ƙofofin layin ashirin da biyu wannan launin za a shafa musu. Har an fara kiransa shuɗin Tyrawley.

Ka karanta wa Mama wannan a hankali, kada ka yi tari. Na san za ta ji daɗi, ta ƙofar nan aka fito da ita ranar aurenku.

Taku,
Nuala

*

Coventry, 4 ga Fabrairu

Barty ƙanena,

Ina fata kai da Philomena da yara kuna lafiya, Liverpool kuma ba ta nutse ba. Bayanka fa? Na ce maka ka sa matashi a kujerar babbar motar nan, ka ƙi.

Zauna kafin ka ci gaba da karatu, don dariya za ta kayar da kai. Ka tuna shekarar 1954, da Fafaroma ya ce shekarar Uwargida Maryamu ce, Fada na cocinmu kuma ya ce kowane layi ya yi ado kafin a zaga da mutum-mutuminta a watan Mayu? Ka tuna surukata, Allah ya jiƙanta, ta tsaya a bakin lamba tara ta ce, "Wai kai ne mai fentin? Kullum kana ratsa ƙofar nan mai ƙazuwa ba ka jin kunya, kuma kana son in ba ka Dympna?" Kwana uku na yi da fitilar feshin wuta da wuƙar kankarewa. Duk wani fenti da ke jikin ƙofar nan tun daga kakan kakanmu sai da na ƙone shi, na bar katako fari tas. Sannan shuɗin da ya rage daga fentin mutum-mutumin Uwargida bai kai rabin gwangwani ba, kai kuma ka zo da fenti ruwan toka da ake shafa wa jiragen ruwa, wanda ka ce a hanya ka tsinta. Da ƙafar kujera muka gauraya.

To Barty, wannan kwaɓin namu shi ne yanzu shuɗin Tyrawley. Babban Dokta na Nuala ya kankare ƙofar ya tarar da shi a ƙasan komai, ya yi masa durƙuso awa guda, wai na attajirin 1792 ne. Zai kai shi gaban manya. Ƙofa ashirin da biyu!

Dympna ban karanta mata wurin ba. Na yi tari mai tsawo. Ta ce, "Wannan tarin naka har shafi guda yake cinyewa?" Na ce mata yanayi ne.

Na san abin da za ka ce. Zan faɗa, amma ba yanzu ba. Shekara biyu yarinyar nan ba ta da magana sai tasa. Ni na koya mata riƙe buroshi tana 'yar shekara biyar, ni na yi aikin Asabar da Lahadi har ta gama jami'a, amma ba ta taɓa cewa "Baba, yaya gidan nan yake a da?" ba. Sai wani mai gilashi da bai taɓa ɗaukar bokitin ruwa zuwa hawa na huɗu ba. Bari ya tashi gaban jama'a ya faɗi tasa, sannan in aika da 'yar takarda. Ina so in ga ko a wasiƙa ta gaba zai kai sau goma sha ɗaya.

In ka tsallaka Dublin da kaya ka gan ta, bakinka alekum.

Yayanka,
Malachy

*

Coventry, 6 ga Fabrairu

Nuala,

Muna lafiya, muna fatan murar ta sake ki. Ki sha ruwan zafi da lemun tsami.

Shuɗi! Ikon Allah. Lallai attajirin nan ya san launi, da gani hannun gwani ne ya shafa. Ki gaya wa Dokta ya dage, kada ya bari kowa ya karya masa gwiwa. Ya faɗe shi da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Ba ni da wani labari. Makwabcinmu ya sayi kare, karen ya fi shi hankali.

Babanki

*

Dublin, 15 ga Fabrairu

Baba,

Gaisuwa gare ku duka. Mura ta tafi. Ina sauri ne, ana ta cewa ma'aikatan gidan waya za su shiga yajin aiki ranar Litinin, ban san yaushe za su dawo ba.

Wasiƙarka ta zo mini a daidai lokacin da nake bukata. Sai dai ba Dokta za ka ƙarfafa ba, ni ce. Shi bai yarda da shuɗin ba sam. Abin da ya durƙusar da shi ke nan ran nan. Ya ce ƙofa mai shekara ɗari da tamanin da bakwai ba za ta tashi da fenti hawa shida kacal ba, akwai abin da ba mu sani ba. Na ce masa masu gidan haya ba sa ɓata fenti a kan talakawa, na san wannan daga bakin iyayena. Mun yi musu har na ɗaga masa murya. A ƙarshe ya ce, "Ke kika kankare, ke kika gani, ke za ki tsaya gaban kwamiti da sunanki. Ni zan zauna a baya."

Baba, a zaman nan ne za su zaɓi wanda zai binciki sauran gidajen layin na shekara biyu. Mu biyu ne ake dubawa. In shuɗin ya tsaya, ni ce.

Da na ga ka rubuta hannun gwani ne, sai na ji zuciyata ta kwanta. Shekara talatin kana fenti, in kai ka faɗa, to haka ne. Na nuna wa Dokta wurin.

Ku yi mini addu'a ranar tara.

Nuala

*

Coventry, 20 ga Fabrairu
(ta hannun kawunki Barty)

'Yata,

Lafiyar jiki muna da ita. Sauran kuwa ki karanta ki gani.

Na kai wasiƙa gidan waya, matar da ke aiki a wurin ta turo mini ita ta ƙasan gilashi, ta ce ba abin da ke shiga Ireland. Na gwada tarho, ba ya shiga. Barty ba zai tsallaka ba sai biyar ga Maris. Kwana huɗu ke nan za ki samu, kuma da na yi abin da ya kamata da kin sami wata guda.

Shuɗin nan nawa ne. Ni na shafa shi a watan Mayun 1954, bayan na ƙone duk abin da ke ƙarƙashinsa da wuta. Rabi fentin coci ne, rabi na jirgin ruwa. In kina son shaida, ki kankare allon ƙasa na hagu, kusa da ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kai. Za ki ga katakon ya yi baƙin ƙuna kamar faɗin tafin hannu. Uwarki ce ta sauko da bokiti a lokacin, na bi ta da kallo, na manta da wuta a hannuna.

Na san haka tun ranar da na karanta wasiƙarki ta Janairu. Ban manta ba ne, ba kuma wasa nake ba, ko da yake na gaya wa kaina wasa ne. So na yi Doktanki ya faɗi a gaban mutane, ki ga akwai abin da tsohon jahilin nan ya sani shi bai sani ba. Ashe ke ce a bakin ramin da na haƙa.

Jiya na karanta wa uwarki duka, har wurin da na tsallake. Ta ce, "Malachy, miƙo mini hannunka." Na ɗauka lallashi ne. Cokalin miya ta kwaɗa mini a kansa. Ta ce, "Ƙaton banza, kana kishi da tsohon da ba ya iya riƙe hularsa! Ai ko makaho ya san uban yarinyar nan, duk taurin kan naka ne ta kwaso." Na ce ai ita ce makauniyar. Ba ta yi dariya ba. Tun jiya dankali kawai take ba ni, ba man shanu.

Abu ɗaya ya rage mini da zan iya ba ki, shi ma daga lalacina ya fito. Ban cire ƙofar daga jikin gini ba, don ta fi ni nauyi. Kuma gefenta na can sama, wanda ke kallon rufi, ban taɓa shi ba. Na ce wa zai hau ya duba? Surukata gajeriya ce. In akwai sauran fentin attajirin nan a duniya, yana can ƙarƙashin ƙura. Ki sami tsani.

Ban ce ki yafe ba. Ki fara duba ƙofar tukuna.

Malachy Furlong, mai fenti

*

Coventry, 22 ga Afrilu
(ta hannun Barty)

Nuala,

Muna nan da rai. Gwiwa ta yi sauƙi, ko kuwa na daina jin ta ne.

Barty ya ce ya ba ki waccan hannu da hannu ranar biyar ga Maris, kin karanta a tsaye, kin ce masa ya gaida Philomena, kin rufe ƙofa. Sau biyu ya koma tun daga nan, ya ce mai gidan hayarki ta ce kin fita. Na tambaye shi fuskarki yaya take. Ya ce, "Kamar taka ran da aka ce ka biya wa kowa giya." Wannan ba amsa ba ce.

Ban san abin da ya faru ranar tara ba. Kullum in na dawo aiki sai na duba bayan ƙofa, alhali na san yajin bai ƙare ba. Uwarki ta ce in bar ki ki huce. Ta dawo mini da man shanu, amma kaɗan.

Ko layi ɗaya ne. Ko zagi ne, zan sa a karanta mini in kalmomin sun yi tsawo.

Baba

*

Dublin, 2 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ku. Ina lafiya. Ka gaya wa Mama zan zo kafin a yi mata aikin ido.

Yajin ya ƙare, amma ba shi ya hana ni rubutu ba. Ina ciki duk sau biyun da Kawu Barty ya zo.

Na ga ƙunar, tana nan inda ka ce. Na zauna a kan dakalin dutse na yi kuka, mutane na wucewa. Daga nan na je na gaya wa Dokta. Bai ce ai na faɗa miki ba. Cewa ya yi, "Ina za mu sami tsani?" Muka aro na mai wankin tagogi, shi ya riƙe, ni na hau. Ƙura ta kai kaurin yatsa. A ƙarƙashinta fenti hawa goma sha tara, na ƙarshen ruwan ƙasa ne mai duhu, ya ɗan karkata zuwa kore. Daidai abin da littattafai suka ce. Ba wani sabon abu.

Ranar tara na tashi na ce takardar da aka raba musu kuskure ce, kuma ni na yi kuskuren. Wani a cikinsu ya tambaya wa ya shafa shuɗin. Na ce mahaifina. Aka yi dariya sosai. Aikin shekara biyun ɗayan aka ba. Sun ce na yi gaskiya, amma na yi gaggawa, kuma ba su yi ƙarya ba.

Kuskuren nawa ne, Baba, ba kai ka sa ni na ƙi jin maganar Dokta ba. Abin da ya tsaya mini shi ne wasiƙar nan taka ta shida ga Fabrairu. Na ɗauke ta na nuna wa mutum ina alfahari. Wannan har yanzu ban san inda zan ajiye shi ba.

Amma ka yi gaskiya a abu ɗaya, ban taɓa tambayarka ba. Na je ɗakin ajiyar takardu na nemi sunan barorin attajirin, ban nemi na mutum saba'in da ukun nan ba. Dokta ya samo mini ɗan aiki a cikin gidan har zuwa sanyi, kuma akwai abubuwan da ba mu gane ba. Akwai layin ƙusoshi a rufin babban falo, sun ratsa ta tsakiyar adon furannin. Akwai wata ƙofa a hawa na uku da aka toshe da bulo. Gobe ma zan sake hawa in duba saman ƙofofin ciki. In ka san wani abu, ka rubuto. Gaskiya kawai, ba tari.

Nuala

*

Coventry, 6 ga Yuli

'Yata,

Muna lafiya. Uwarki ta sa na karanta mata sau uku, tana riƙe da cokalin.

Ƙusoshin nan na labule ne. Iyali huɗu ne a falon, barguna aka rataya aka raba shi. Ƙofar hawa na uku kuwa labarinta ba ya shiga ambulan, kuma ba na so uwarki ta ji ni ina faɗa, danginta ne.

Maganar shida ga Fabrairu ba ni da abin cewa. Na nemi abin dariya a ciki, wata huɗu ina nema, babu. Ki ajiye ta inda kika ga dama, ni zan zo in tsaya kusa da ita.

Amma Nuala, tsani. Kin ce shi ya riƙe miki. Mutum mai shekara sittin da takwas, a kan dakalin dutse mai santsi, ƙofar nan kuma ta fi ƙafa tara! Ya sa ƙafa a matakin ƙasa kuwa? Ya riƙe da hannu biyu, ko ɗaya na neman hula? Littafi nawa ya karanta ban sani ba, na kuma yarda mutumin kirki ne, ga shi na rubuta da hannuna. Amma riƙe tsani ba aikinsa ba ne.

Na karɓi hutun mako guda. Barty zai ɗauke ni a motarsa ranar Alhamis, jirgi zai sauke mu da safiyar Juma'a. In ba ki son yi mini magana ba komai, mai riƙe tsani daga ƙasa ba sai ya yi hira ba. Kada dai ki sake hawa sai na iso.

Babanki